Inowe Dosetsu Inseki: Gwanin Wasan Go Da Amanar Da Aka Ba Shi

A cikin jerin tarihin mashahuran mutanen duniya, yau za mu kawo wa masu karatu labarin wani mutumin ƙasar Japan mai suna Inowe Dosetsu Inseki, wanda ya rayu daga 1646 zuwa 1719. Sana'arsa duk tsawon rayuwarsa ita ce wasan Go, wani irin wasan allo da duwatsu mai kama da dara, amma ya fi ta faɗi da zurfi ƙwarai. Abu biyu suka sa sunansa bai ɓace ba. Na farko, littafin da ya rubuta a kan matsalolin rai da mutuwa na wannan wasa, wanda har yau gwanaye ke ɗaukarsa a kan shi ne mafi wuya a fanninsa. Na biyu, wani alkawari da ya ɗauka a gaban malaminsa yana kan gargara, wanda masana tarihin wasan ba su daina muhawara a kansa ba.

Don mai karatu ya gane zamanin, Dosetsu ya yi tashensa ne lokacin da Sarki Dadi da kuma Sarki Muhammadu Sharefa suke sarautar Kano, ya kuma rasu shekara 35 kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Yadda wasan yake

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan arewacin Kano, kamar na ƙasar Bichi ko Ɗambatta ko Minjibir, ya san yadda magidanta kan taru a gindin bishiya da rani, bayan an kai amfanin gona gida, su haƙa gurabe 30 a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'yansa 12, a yi ta dara har la'asar. Wasan Go ma na mutum biyu ne, sai dai allonsa yana da layi 19 a tsaye da 19 a kwance, watau mahaɗa 361 ke nan. Ɗaya yana riƙe baƙaƙen duwatsu, ɗaya farare. Kowa yakan ajiye dutse guda a kan mahaɗa idan layinsa ya zo, kuma dutsen da aka ajiye ba ya motsawa kamar ɗan dara, sai fa in an cinye shi an ɗauke. Manufar wasan ita ce kowa ya kewaye fili fiye da na abokin karawarsa. Mutumin ƙasar da gonaki suka haɗu kan iyaka, inda ba wani taku na ƙasa da ba shi da mai shi, ba zai sha wahalar gane wannan ba. A ƙasar Sin aka ƙago wasan fiye da shekara 2,000 da suka wuce, daga can ya shiga Koriya da Japan.

Dutse ko rukunin duwatsu da suka haɗu bisa layi suna rayuwa ne muddin akwai wata mahaɗa fanko da ke manne da su. Mutanen Sin suna kiran irin wannan mahaɗa numfashi. In abokin gaba ya toshe numfashin ƙarshe, sai ya kwashe rukunin duka. Akwai kuma doka cewa ba a ajiye dutse a wurin da shi kansa ba zai sami numfashi ba, sai idan ajiye shi zai cinye na abokin gaba nan take. Daga waɗannan dokoki biyu ne ilmin rai da mutuwa ya fito. Idan rukuni ya kewaye gurbi biyu dabam dabam a cikinsa, waɗanda ake kira idanu, ba mai iya kashe shi har abada, domin duk idon da abokin gaba ya so ya toshe, ɗayan yana nan buɗe, shi kuwa dutsensa ba shi da numfashi. Rukuni mai ido biyu rayayye ne. Mai ido ɗaya, in an kewaye shi, matacce ne ko da yana bisa allo tukuna.

Ga misali mai sauƙi. A ce an kewaye rukunin baƙi, a cikinsa akwai gurbi uku a jere. In baƙi ne da wasa, sai ya ajiye a na tsakiya, ya sami ido a dama da ido a hagu, ya rayu. In fari ne da wasa, shi ma tsakiyar zai faɗa, rukunin ya mutu. In guraben huɗu ne a jere, baƙi ya tsira, domin in fari ya shiga ɗaya daga cikin biyun tsakiya, baƙi zai kama ɗayan. Amma in huɗun nan a dunƙule suke, biyu bisa biyu, to, ko baƙi ne ya fara ba zai tsira ba, gama duk inda ya ajiye saura uku masu lanƙwasa za su rage, fari kuwa ya faɗa tsakiyarsu. Yawan gurbi ɗaya ne, siffa ce ta bambanta. Irin wannan tambaya, a shirya duwatsu a wani lungu na allo a ce wa ɗalibi ya kashe ko ya rayar, ita Japanawa ke kira tsumego, kuma da ita ake horar da masu koyo tun daga yara har gwanaye.

Gidaje huɗu

A 1603 Tokugawa Iyeyasu ya zama Shogun, watau babban sarkin yaƙi wanda ainihin mulkin Japan ke hannunsa, ya kafa gwamnatinsa a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo. Mutum ne mai son wasan Go, a 1612 kuwa ya yanka wa manyan gwanayen wasan albashi, cikinsu har da Honimbo Sansa. Sannu a hankali gidaje huɗu suka kafu, su ne Honimbo da Inowe da Yasui da Hayashi. Kowane gida yana da shugaba da almajirai, kuma sau da yawa gadon gidan yakan faɗa wa almajirin da ya fi gwaninta, a ɗauke shi kamar ɗa, ya karɓi sunan gidan. Kowace shekara akan shirya wasanni a fadar Shogun, inda gidajen ke gwada ƙarfinsu.

Darajojin 'yan wasa sun kai tara. Ta tara, wadda ake kira Meijin, mutum ɗaya ne tak yake riƙe ta a zamani guda. A bisanta kuma akwai muƙamin gwamnati mai suna Godokoro, wanda za mu iya kwatanta shi da Sarkin Maƙera ko Sarkin Noma a ƙasar Hausa. Mai wannan muƙami shi ke ba da takardun shaidar daraja, shi ke tsara wasannin fada, maganarsa kuma ita ce ta ƙarshe a kan sana'ar. Saboda haka gidajen nan huɗu suka yi ta kishi da ƙulle-ƙulle a kansa har fiye da shekara 200.

Almajirin Dosaku

An haifi Dosetsu a 1646 a lardin Mino da ke tsakiyar Japan, sunan danginsa Kuwabara. Ya shiga gidan Honimbo ya zama almajirin Honimbo Dosaku, shugaban gidan na huɗu, wanda ya zama Meijin a 1677, wanda kuma Japanawa ke lissafawa cikin gwanayen da ba a yi kamarsu ba. Abin lura a nan shi ne Dosaku an haife shi a 1645, watau shekara ɗaya kacal ya ba almajirin nasa. Dosetsu ya yi shekaru yana zaune gaban tsaransa yana ɗaukar karatu, ya kuma shiga cikin manyan almajiran gidan da ake ji da su.

Jarrabawarsa ta farko ta zo a 1684, sa'ad da Dosaku ya naɗa wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Doteki ya zama magajin gidan. Yaron nan haziƙi ne na ban mamaki, amma Dosetsu yana gab da shekara 40 a lokacin, ga shi ya daɗe yana hidima. An ruwaito cewa bai yarda ba, ya nemi a haɗa shi wasa da Doteki don a san wanda ya fi cancanta. Dosaku bai bari an yi wannan karawa ba, sai ya lallashe shi, ya nema masa wata hanya. Shugaban gidan Inowe na lokacin, Dosa Inseki, ƙanen Dosaku ne, a 1690 kuwa aka mai da Dosetsu magajinsa. A cikin wannan shekara Doteki ya rasu yana da shekara 21. Sakugen, wanda aka naɗa a gurbinsa, shi ma ya rasu yana matashi a 1699. Kafin nan Dosetsu ya riga ya gaji shugabancin gidan Inowe, ya ɗauki sunan Inseki, wanda shugabannin gidan suke amsawa.

Haka Dosaku ya wayi gari a ƙarshen rayuwarsa, samarin da ya sa wa rai sun riga shi, wanda ya tsallake a baya kuwa shi ne ya rage mafi ƙarfi a ƙasar.

Wasiyya

A 1702 ciwon ajali ya kama Dosaku. Ya zaɓi wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Doci ya gaje shi, ya kira Dosetsu ya damƙa masa amanar yaron da ta gidan Honimbo baki ɗaya. Ya ɗaga shi zuwa daraja ta takwas, sa'an nan ya nemi ya yi masa alkawari cewa ba zai nemi muƙamin Godokoro wa kansa ba, zai reni Doci har ya isa hawa kujerar. Dosetsu ya amsa. Shekarunsa 56 a lokacin.

Mai karatu ya dubi nauyin wannan al'amari. An ce wa shugaban wani gida ya raya gidan da suke kishi da shi, ya horar da yaron da zai zo ya hau kansa, ya kuma kau da ido daga muƙamin da kowa ya san ba wanda ya fi shi cancanta da shi a ranar. Ya yi kama da mutumin da aka bar wa riƙon gonar maraya, alhali shi ne ya share ta tun tana daji.

Game da reno, ba wanda ya zarge shi da kasawa. Ya tsaya a kan yaron tsayin daka, ya koya masa abin da ya sani. A 1705 ya nemi a rage tazarar da ke tsakanin Doci da Yasui Senkaku, shugaban gidan Yasui, wanda ya fi yaron daraja a takarda. Senkaku ya ƙi, hukuma ta ce to a yi jerin wasanni a raba gardama. Doci ya ci wasan farko da tazarar gurbi ɗaya, ga shi kuwa ba shi da lafiya a ranar, ya kuma ci na biyu da na uku, Senkaku ya janye. Dosetsu da kansa ya zauna ya yi jerin wasanni da yaron don ya auna ƙarfinsa, da ya ga ya kawo ƙarfi sai ya sakar masa ragamar gidan Honimbo, bai riƙe kome ba.

Baƙo daga Ryukyu

A 1708 aka ɗaga Dosetsu zuwa darajar Meijin. A 1710 kuma tawagar masarautar Ryukyu, tsibiran da yanzu ake kira Okinawa, ta zo Edo gaisuwa wurin sabon Shogun. A cikin tawagar akwai wani saurayi ɗan wasa mai suna Yara. Doci ya kara da shi bayan ya ba shi duwatsu uku na sassauci, ya kuma ci shi. Baƙon ya buƙaci takardar shaidar daraja da zai koma gida da ita, kamar yadda Dosaku ya ba wani ɗan Ryukyu a 1682. Amma bisa al'ada mai muƙamin Godokoro ne yake sa hannu a irin wannan takarda, kujerar kuwa ba kowa a kanta tun rasuwar Dosaku, Doci kuma bai wuce shekara 20 ba. Don kada ƙasa ta ji kunya a gaban baƙi, aka naɗa Dosetsu.

An ruwaito cewa fahimtar da aka yi ita ce zai riƙe kujerar na ɗan lokaci, in buƙata ta biya ya sauka. Baƙi suka koma ƙasarsu, Dosetsu bai sauka ba. Ya ci gaba da riƙe muƙamin har mutuwa ta zo masa a ƙarshen 1719, bisa kalandar Japan ta da, yana da shekara 73. Doci bai sami kujerar ba sai a 1721, bai kuwa daɗe a kanta ba, ya rasu a 1727 yana da shekara 37.

Masu zarginsa suna cewa alkawari kaya ne, kuma wanda aka ɗauka a gaban mai gargara ya fi kowane nauyi. Lalura ta sa ya hau, to, me ya hana shi sauka da lalurar ta wuce? Shekara tara da ya ƙara a kan kujerar an ɗebe su ne daga cikin gajeriyar rayuwar Doci. Masu kare shi kuwa suna cewa Dosaku ya ɗora masa abin da bai kamata ba, domin muƙamin na gwamnati ne, an kafa shi saboda wanda ya fi kowa iyawa, bai zama gadon gidan Honimbo ba. Suna ƙarawa da cewa mutumin da ke da niyyar cin amana ba zai horar da yaron har ya kai inda ya kai ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Abin da ba a musu a kansa shi ne rabin alkawarin ya cika shi sarai, ɗaya rabin kuwa ya saɓa.

Littafin da aka ɓoye

A cikin shekarun nan da yake kan kujera, a 1713, Dosetsu ya kammala littafinsa mai suna Igo Hatsuyoron. Ma'anar sunan ta yi kusa da bayanin yadda ake fito da haske daga cikin duhu, watau gano dabarar da ke ɓoye a inda ido ke ganin ba sauran dabara. Bugun da aka fi sani yana ɗauke da matsaloli 183. Ba shi ne ya fara irin wannan aiki ba, gama mutanen Sin sun tara nasu tun ƙarni na 14, wani ɗan gidan Hayashi mai suna Gembi kuma ya fitar da nasa a 1812, wanda ya fi sauƙi ga masu koyo. Bambancin littafin Dosetsu shi ne ba don masu koyo aka yi shi ba. An shirya shi ne don horar da wanda zai gaji gida.

Matsalolinsa sun ƙunshi dukan sassan fannin. Akwai na idon ƙarya, wanda yake kama da ido amma in aka matsa shi sai mai shi ya toshe shi da hannunsa. Akwai na ko, inda dutse ɗaya ke cin ɗaya, doka kuma ta hana ramuwa nan take sai an yi wasa a wani wuri tukuna. Akwai na seki, inda rukuni biyu suke raba numfashi, duk wanda ya fara toshewa shi zai mutu, saboda haka dole su zauna tare. Akwai kuma dabarar nan da ake kira ƙarƙashin duwatsu, inda mutum zai bari a cinye masa duwatsu da gangan, sa'an nan ya faɗa gurbin da aka kwashe su ya kama wanda ya ci su. Waɗansu matsalolin sun tashi daga lungu ɗaya sun ratsa allo duka kafin a ga ƙarshensu.

Gidan Inowe suka mai da littafin asiri. Ba a nuna shi ga sauran gidaje ba, ko cikin almajiran gidan ma sai zaɓaɓɓu, kamar yadda waɗansu gidajen malamai da na masu magani a ƙasarmu suke yi da laƙaninsu. A haka ya zauna wajen shekara 200. Mulkin gidan Tokugawa ya faɗi a 1868, albashin gidajen nan huɗu ya yanke ba da daɗewa ba, asirai suka fara fita. A 1914 Honimbo Shusai ya buga littafin ga jama'a. Ta haka abin da aka ɓoye wa gidan Honimbo ya fito ta hannun shugaban gidan Honimbo.

Tun daga nan manyan gwanaye na Japan da Sin suka yi ta sharhi a kansa, kowane yana gyara amsar na gabansa. Matsala ta 120 ita ce ta fi shahara, har ana yi mata laƙabi da mafi wuya a duniya. Bayan da manhajar kwamfuta mai suna AlphaGo ta ci gwanin Koriya Li Sedol wasa 4 cikin 5 a birnin Seoul a 2016, sai hankali ya koma ga injuna. A 2019 aka horar da wata manhaja mai suna KataGo musamman a kan wannan matsala, ta kuwa fito da waɗansu dabaru da masu nazari ba su lura da su ba a da. Wannan ya nuna zurfin abin da dattijon nan ya shirya da hannunsa fiye da shekara 300 da suka shige.

A zamanin nan nasa mu ma muna da irinsa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafillacen Katsina, ya kammala littafinsa a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a birnin Alƙahira a 1741. Su biyun ba su san juna ba, amma kowannensu ya ƙare ƙarfinsa wajen bin diddigin gidajen allo har ya ga iyakar abin da ke cikinsu.

Abin koyi

Hanyar da malaman Go suke koyar da warware matsala tana da amfani ga ɗalibi da ma'aikaci. Ana hana mai koyo taɓa dutse sai ya bi wasan a zuci har ƙarshe. Ana koya masa ya fara duba ko zai iya rage filin daga waje, sa'an nan ya nemi gurbin nan guda wanda rai da mutuwa suka rataya a kansa. Ana kuma gargaɗinsa kada ya ɗora lissafinsa bisa zaton abokin gaba zai yi kuskure, sai ya ɗauka zai mayar da amsa mafi ƙarfi, in dabararsa ta tsaya duk da haka, to, ta tsaya. Wanda ya saba da wannan horo ba zai yi gaggawar sa hannu a takardar da bai karanta ƙarshenta ba.

Rayuwar Dosetsu kuma tana da nata darasin ga duk wanda aka ba riƙon ƙwarya, ko na ofis ko na dukiyar marayu. Karɓar riƙo ba ta da wuya, yin aikin da kyau ma mutane da yawa suna iyawa. Wurin da ake gane mutum shi ne ranar da mai abu ya isa karɓar abinsa. Dosetsu ya mayar da gidan Honimbo ga mai shi a kan kari, aka yaba masa. Kujerar Godokoro kuwa ya riƙe ta shekara tara, kuma har yau duk inda aka ba da tarihinsa, ana ambaton littafin tare da alkawarin.